Farfesa Ethelbert Chukwu da Lissafin Juya Akala

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci lissafi, abin da ke fara zuwa a zukatan mafi yawan ɗalibai shi ne tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, sai kuwa 'yan ƙa'idojin da ake haddacewa don jarrabawa a watsar da su bayan an fito. Ba kowa ne ya san cewa akwai reshen lissafi da aka keɓe domin amsa tambayar da duk mai riƙe da ragamar wani al'amari yake yi wa kansa ba, wato: me ya kamata in yi yanzu, me kuma zan bari sai an jima, domin in kai ga abin da nake nema da mafi ƙarancin asara? Wannan reshe shi ne za a kira lissafin juya akala a wannan babi. An zaɓi sunan ne saboda akala ita ce igiyar da ake jan raƙumi da ita, kuma Bahaushe ya daɗe yana cewa wane ya juya akalar al'amari idan ya karkatar da shi zuwa inda yake so.

Za a yi bayanin fannin ta hanyar bin rayuwa da ayyukan wani ɗan Nijeriya da ya yi fice a cikinsa, wato Farfesa Ethelbert Nwakuche Chukwu, wanda ya koyar a Jami'ar Jos, ya kuma zama shugaba na farko na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Yola. Matsalar da ya fi ba wa ƙarfi a bincikensa ita ce ta jinkiri, wato yadda za a juya akalar abin da sakamakon taɓa shi ba ya bayyana sai bayan watanni ko shekaru. Wannan matsala ta shafi madatsar ruwa da garken awaki da kasuwar albasa, ta kuma shafi aikin horar da malamai kai tsaye, kamar yadda za a gani.

2.0 Ma'anar Lissafin Juya Akala

Misali mafi kusa ga mutumin Sakkwato shi ne madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wadda aka kammala gina ta a 1984, kuma take iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Injiniyan da ke kula da ita ba shi da iko a kan ruwan sama. Abin da ke hannunsa kawai shi ne ƙofofin madatsar: ya buɗe su ko ya rufe, da yawa ko kaɗan, yau ko gobe. Idan ya riƙe ruwa fiye da kima da damina, sa'an nan aka tafka ruwa mai yawa a watan Agusta ko Satumba, tilas ya saki ruwan a lokaci guda, gonaki da garuruwan da ke ƙasa su sha wuya. Idan kuma ya saki da yawa don gudun haka, manoman rani da mutanen birni su rasa ruwa kafin wata daminar. Duka fuskokin biyu an gan su. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta mamaye fadamar Rima har ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuwa ruwan madatsar ya janye ƙwarai har aka shiga fargabar ƙarancin ruwan sha.

A cikin wannan misali akwai dukkan ginshiƙan fannin. Akwai halin da abu yake ciki a kowane lokaci, wato yawan ruwan da ke cikin madatsa. Akwai akala, wato abin da mutum yake iya sarrafawa, a nan buɗin ƙofa ke nan. Akalar tana da iyaka, domin ƙofa ba ta buɗuwa fiye da faɗinta. Akwai kuma doka da ke bayyana yadda hali yake sauyawa da tafiyar lokaci, wadda masana suke rubutawa a matsayin jimlar lissafi: ƙaruwar ruwa daidai take da abin da ya shigo, a ɗebe abin da aka saki da abin da rana ta ƙone. Daga ƙarshe akwai manufa, wadda dole a iya auna ta da adadi, kamar a ce a rage jimillar asarar ambaliya da ta ƙarancin ruwa a tsawon shekara. Amsar da ake nema a nan ba adadi ɗaya ba ne kamar yadda aka saba a aji. Jadawali ne cikakke na abin da za a yi a kowace rana daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, kuma a cikin dukkan jadawalan da za su yiwu, waɗanda ba su ƙidayuwa, ana son a fitar da wanda ya fi.

2.1 Asalin Fannin

Masana tarihin lissafi sukan mayar da tushen irin wannan tambaya zuwa shekarar 1696, lokacin da Johann Bernoulli ya ƙalubalanci masanan Turai da su faɗi siffar gangaren da ƙwallo zai bi ya sauko daga wani wuri zuwa wani cikin mafi ƙarancin lokaci. Mai karatu zai zaci miƙaƙƙen layi ne, tun da shi ne mafi gajarta. Amsar kuwa lanƙwasasshen layi ne mai fara sauka da tsananin gangara, don ƙwallon ya sami gudu tun da wuri.

Fannin bai tsaya da ƙafafunsa ba sai a shekarun 1950, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suke tseren ƙera jiragen yaƙi da rokoki. A birnin Mosko, Lev Pontryagin da abokan aikinsa Boltyanskii da Gamkrelidze suka fitar da babbar ƙa'idar fannin a 1956, sa'an nan a 1961 suka wallafa littafin da ya zama madogara, tare da Mishchenko. Yana da kyau malamin gobe ya san cewa Pontryagin makaho ne. Risho ne ya fashe masa yana ɗan shekara 14 ya rasa ganinsa, mahaifiyarsa Tatyana, wadda ba ta yi karatun lissafi ba, ita ta riƙa karanta masa littattafai, tana siffanta masa alamomin da ba ta san sunansu ba. A Amurka kuwa Richard Bellman ya bi wata hanya dabam, wadda ya bayyana a littafinsa na 1957: a fara daga ƙarshen tafiya a riƙa dawowa baya, a kowane mataki ana tambayar abin da ya fi dacewa daga nan zuwa ƙarshe.

Ɗaya daga cikin sakamakon farko da ya ba mutane mamaki ya shafi gaggawa. A ɗauka jirgin ƙasa zai tashi daga wata tasha ya tsaya cak a wata cikin mafi ƙarancin lokaci, kuma ƙarfin injinsa daidai yake da ƙarfin birkinsa. Lissafi ya nuna cewa babu wurin sassauci: direba ya ba shi wuta iyakar ƙarfinsa har tsakiyar hanya, daga nan ya take birki iyakar ƙarfinsa har tasha. Gwaninta duka tana wajen sanin lokacin da za a sauya daga wannan zuwa wancan.

3.0 Rayuwar Chukwu

An haifi Ethelbert Chukwu a 1940 a yankin Mbano, wanda yanzu yake cikin Jihar Imo. Ya sami damar tafiya Amurka karatu, ya kammala digirinsa na farko a fannin lissafi a Jami'ar Brown a 1965. Lokacin da ya yi a can ya dace da wani muhimmin sauyi, domin a 1964 ne manyan masana uku, Solomon Lefschetz da Joseph LaSalle da Jack Hale, suka koma wannan jami'a suka kafa cibiyar nazarin abubuwa masu sauyawa da lokaci. LaSalle na cikin waɗanda suka tabbatar da ƙa'idar jirgin ƙasa da aka ambata a sama, Hale kuwa ya zama jagora a lissafin abubuwa masu jinkiri. Waɗannan fannoni biyu su ne Chukwu ya haɗa daga baya ya mayar da su aikin rayuwarsa.

Ya sami digirin digirgir a 1972 a Jami'ar Case Western Reserve da ke birnin Cleveland, a ƙarƙashin kulawar Otomar Hájek, ɗan asalin Chekoslobakiya, wanda ya shahara a lissafin farauta, wato nazarin yanayin da ɓangarori biyu suke jan akalar abu guda, ɗaya yana bi ɗaya yana gudu. Bayan ya koyar na wasu shekaru a Amurka sai ya dawo gida a ƙarshen shekarun 1970 ya zama farfesa a Jami'ar Jos, wadda a lokacin ba ta daɗe da zama jami'a mai cin gashin kanta ba, ya kuma shugabanci sashen karatun gaba da digirin farko. Da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'o'in fasaha a farkon shekarun 1980, sai aka ɗora masa nauyin assasa ta Yola, wadda a yau ake kira Jami'ar Modibbo Adama. Ya kamata a lura da zamanin da wannan ya faru. Yaƙin basasa ya ƙare ne a 1970, raunukansa ba su gama warkewa ba, ga shi kuma ɗan ƙabilar Ibo yana aza harsashin manyan makarantu a Arewa. Daga baya ya koma Amurka, ya yi shekaru masu yawa yana farfesa a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke birnin Raleigh, kuma a can ne ya rubuta manyan littattafansa.

4.0 Abubuwa Masu Gado

Littafinsa na 1992, Stability and Time-Optimal Control of Hereditary Systems, ya yi magana ne a kan abin da za a iya kira abubuwa masu gado. Kalmar gado a nan ba ta nufin dukiyar mamaci. Ana nufin abin da tafiyarsa ta yau ta dogara da halin da ya kasance a ciki a baya, ba da halinsa na yanzu kaɗai ba.

A ɗauki makiyaya biyu, kowannensu yana da jajayen awakin Sakkwato guda 20 a yau. Na farko ya daɗe da nasa, kuma mafi yawansu suna ɗauke da ciki na wata huɗu. Na biyu jiya ya sayo nasa a kara, babu mai ciki ko ɗaya. Wanda ya tsaya ga ƙidaya zai ce halinsu ɗaya, 20 da 20. Amma tun da cikin akuya wata biyar ne, bayan wata guda garken na farko zai cika da 'ya'ya, na biyu kuwa yana nan yadda yake. Ashe ke nan adadin yau bai isa ya bayyana halin garke ba, sai an haɗa da tarihin watanni biyar da suka wuce. Wannan shi ne ya sa lissafin abubuwa masu gado ya fi wuya nesa ba kusa ba. A lissafin jirgin ƙasa adadi biyu sun wadatar, wato inda jirgin yake da gudun da yake yi. A lissafin garke kuwa sai an riƙe dukkan abin da ya faru a tsawon lokacin jinkirin. Ita ma madatsar Goronyo haka take, domin ruwan da ya sauka a ƙasashen Katsina da Zamfara da Maraɗi yakan ɗauki lokaci kafin ya iso, don haka mai duban ma'aunin madatsa kaɗai yana kallon labarin da ya riga ya tsufa ne.

Illar jinkiri ta farko ita ce yakan haifar da hawa da sauka ko da kowa ya yi abin da hankali zai ɗauka. Manoman albasa na Sakkwato da Kabi sun san wannan ba tare da an rubuta musu jimlar lissafi ba. Bana albasa ta yi tsada, sai kowa ya faɗaɗa gonarsa. Kafin ta nuna watanni sun shuɗe, duk ta fito kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Baɗi sai da yawa su janye, albasa ta yi ƙaranci, tsada ta dawo. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu, kowa ya amsa kiran farashin da ya gani ne, sai dai farashin na jiya ne, amfanin gonar kuwa na gobe. Lissafi ya tabbatar da cewa matakin gyara wanda zai daidaita abu marar jinkiri yana iya zama shi ne mai rikita abu mai jinkiri, musamman idan gyaran ya yi ƙarfi kuma jinkirin ya yi tsawo.

Illa ta biyu ta fi ɓoyuwa, kuma tana cikin abubuwan da Chukwu ya yi rubuce-rubuce a kansu. A abu marar gado, da zarar an kai shi inda ake so an gama. A abu mai gado kuwa isa wurin bai wadatar ba, sai an tsare shi a nan har tsawon lokacin jinkirin ya wuce, in ba haka ba abin da ke cikin tarihinsa zai sake tayar da shi. Ma'aikatan lafiya suna aiki da wannan ƙa'ida. Lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, ba a ce ta ƙare ba ranar da aka sallami majinyaci na ƙarshe. Sai da aka jira kwana 42 babu sabon kamu, wato ninki biyu na kwana 21 da cutar kan iya ɓoyewa a jikin mutum, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana Nijeriya a matsayin wadda ta kuɓuta a ranar 20 ga Oktoba, 2014. A wannan fage na lissafin cututtuka akwai ɗan Arewa da ya yi suna a duniya, Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Brunel ta Ingila a 1994, ya kuma koma Jami'ar Maryland ta Amurka a 2022.

5.0 Dukiyar Ƙasashe

A kashi na biyu na rayuwarsa ta bincike, Chukwu ya juya ga tattalin arziki. A littattafan da ya wallafa a 2001 da 2003 da 2005 ya ɗauki ƙasa gaba ɗaya a matsayin abu mai gado, ya siffanta halinta da ma'aunai shida: kuɗin shigar ƙasa, da kuɗin ruwa, da yawan masu aikin yi, da darajar jarin da aka kafa, da farashin kaya, da kuma abin da ya taru na cinikin ƙasar da ƙasashen waje. Jinkiri a nan a bayyane yake, tun da masana'antar da aka yanke shawarar ginawa bana ba za ta fara fitar da kaya ba sai bayan shekaru. Abin da ya koya daga malaminsa Hájek ya yi masa amfani, domin ya ɗauka cewa hannu biyu ne ke riƙe da akalar tattalin arziki. Gwamnati tana da haraji da kuɗin fito da iko a kan yawan kuɗin da ke yawo. Kamfanoni da 'yan kasuwa kuma suna da albashi da ƙwazon samar da kaya. Tambayarsa ita ce: yaya girman sa hannun gwamnati ya kamata ya kasance idan aka kwatanta da na masu zaman kansu, kafin a iya kai ƙasa daga halin da take ciki zuwa wanda ake buri? Littafin 2005 ya kawo misalai daga Nijeriya da Amurka da Birtaniya da Sin da Gabas ta Tsakiya.

Wannan ɓangare na aikinsa shi ne ya fi ƙarfin hali, kuma shi ne ya fi karɓar suka. Lissafi ba ya fin alƙaluman da aka zuba masa inganci. A 2014, da Nijeriya ta sabunta yadda take auna arzikinta, adadin ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kimanin biliyan 510 ba tare da an ƙara ko buhun gero ɗaya ba, abin da ke nuna irin giɓin da ke cikin alƙaluman shekarun baya. Cinikin da ake yi kullum a Tsohuwar Kasuwa ko a kan iyakar Illela kuwa, kaɗan ne daga cikinsa ke shiga littafin hukuma. Bugu da ƙari, mutane ba ruwan madatsa ba ne. Ruwa ba ya jin sanarwar gwamnati ya sauya hanya, ɗan kasuwa kuwa yana ji, har ma yakan riga ta. Sa'an nan lissafi ba ya zaɓar wa al'umma manufa. Idan aka ce masa a ƙara arziki ko ta halin ƙaƙa zai ba da amsa, idan aka ce a rage rashin aikin yi zai ba da wata dabam. Duk da haka, nacewar da Chukwu ya yi cewa ba za a fahimci tattalin arziki ba sai an sanya jinkiri a cikin lissafinsa magana ce mai nauyi, kuma tarihin ilimi a ƙasar nan ya ba ta shaida.

6.0 Jinkiri a Harkar Ilimi

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Masu tsarawa sun yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Shigar da yaro makaranta aikin yini ɗaya ne, gina aji na 'yan watanni ne, amma malami mai takardar daraja ta biyu a wancan zamani sai ya yi shekara biyar a kwalejin horon malamai bayan firamare. An ja akala mai saurin amsawa da ƙarfi, aka bar mai jinkiri a baya. Abin da ya biyo baya shi ne horon gaggawa da ɗaukar waɗanda ba su ƙware ba, kuma a wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna domin ta riƙa horar da malamai suna bakin aiki. Gadon wannan mataki bai tsaya a 1976 ba, domin yaran da malami marar ƙwarewa ya koyar, daga cikinsu ne aka sami ɗaliban kwalejojin malamai na shekarun da suka biyo.

A birnin Sakkwato ne aka ƙaddamar da shirin da ya gaje shi, wato na ilimin bai-ɗaya matakin farko, a ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. A wannan karon mafi ƙarancin shaidar koyarwa da tsarin ilimi na ƙasa ya amince da ita ita ce ta NCE, mai ɗaukar shekara uku bayan sakandare. Saboda haka duk hukumar da ke son sanin yawan ɗaliban da ya kamata kwaleji irin ta Shehu Shagari ta ɗauka bana, ba yawan yaran da ke firamare a yau za ta duba ba. Za ta duba yawan waɗanda za su kasance a aji bayan shekara uku, wato har da yaran da yanzu suke da shekara uku da haihuwa, ta ɗebe malaman da za su yi ritaya ko su bar aiki a tsakanin. Idan kuma aka bi zaren tun daga tushe, jinkirin ya fi haka tsawo: shekara shida a firamare, shida a sakandare, uku a kwaleji, jimilla 15. Yaron da aka rubuta sunansa a aji ɗaya a Sakkwato a shekarar da aka ƙaddamar da shirin, ko da bai maimaita aji ba kuma yajin aiki bai tsayar da shi ba, ba zai iya riƙe alli a matsayin ƙwararren malami ba sai a 2014.